Za mu Bowness da yara da Hajiya: mu ci a can ko mu cika kula daga gida?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka san Bowness, garin nan na bakin tafkin Windermere a arewacin Ingila. In Allah ya kai mu hutun ƙarshen Agusta za mu je daga Manchester mu kwana, ni da Baban Ilham da yara da Hajiya mahaifiyarsa, wadda ta zo mana daga Zariya. Masauki mun kama, jirgin ruwan ma mun ga yadda ake sayen tikiti. Abinci ne muka kasa tsayar da magana a kai. Shi yana ganin in dafa komai daga gida mu cika kula, ni kuma ina son ko sau ɗaya mu zauna a gidan abinci a bakin ruwa a kawo mana. Akwai abin da Musulmi zai ci a garin hankalinsa kwance? Kuma tsadar za ta ɗauku?

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Ni dai ina bayan maigidanki. Garin ƙarami ne, jama'ar da ke cika shi a ranar hutu kuwa sun ninka mazaunansa, don haka komai na bakin ruwan nan kuɗin baƙo ake sa masa. Farantin kifi da dankali a wurin zama ya haura fam 15, ki lissafa mutum shida, ki ƙara lemo da abin zaƙi. Kuɗin cefanen sati ne a zama ɗaya. Mu in za mu, uwargida kan yi dafa-duka da soyayyar kaza, a zuba shayi a fulas. In kun sauka a tashar jiragen ku bi Glebe Road da ƙafa, ba nisa za ku iske Cockshott Point, fili ne mai ciyawa har bakin ruwa, ba a biyan ko sisi. A shimfiɗa darduma, a ci, a yi salla a nan. Tafkin da mai gidan abinci zai nuna muku ta taga shi ne dai a gabanku.

Anti Zulai:
Baban Sadiq, ina da tambaya ɗaya. Dafa-dukan nan da soyayyar kazar, ƙarfe nawa uwargidan ke tashi ta yi su?

Baban Sadiq:
Anti, ai kin san sai an yi sammako.

Anti Zulai:
To ka gani. Ta tashi tun kafin asuba ta ɗora tukunya, ta shirya yara, a mota ita ke riƙe da kula kada miya ta zube, a bakin ruwa ita ke zuba wa kowa, ita ke bin ƙaramin da cokali, a masauki kuma ita ke wanke kwanuka a ɗan wurin wanke hannun nan. Kowa ya dawo yana cewa an huta. Ita wane hutu ta yi? Na daɗe a ƙasar nan ina aikin jinya, na ga matanmu da yawa da ke yin aikin dare, su dawo su shiga kicin, shekara ta zagayo ba wanda ya taɓa ajiye musu faranti a gaba. Maman Ilham ba ta ce a ci a waje safe da rana da dare ba. Sau ɗaya ta ce. Ƙanwata, ki riƙe maganarki, ba almubazzaranci ba ne.

Baban Sadiq:
Anti, Allah ya huci zuciyarki, ban musa wahalar ba. Amma ko an bar maganar kuɗi, halal ɗin fa? Wannan shi ne babban abin.

Nura:
Salam. Yayyena ku ba ni dama, don na yi aikin hutun makaranta a kicin ɗin wani gidan abinci a yankin, wanke-wanke da yanka kayan miya, daga baya aka sa ni wajen suya. Abin da na gani da idona zan faɗa.

Yawancinmu muna shiga mu ce tunda kifi ne shi ke nan. Kifin kam ba matsala, abin da aka lulluɓe shi da shi ne abin tambaya. Gidaje da yawa da giya suke kwaɓa fulawar da ake tsoma kifin kafin a soya, don tana sa ɓawon ya tashi ya yi ƙaras-ƙaras. Wasu kan rubuta a takardar abinci har da sunan giyar don talla, wasu ba sa rubutawa. Sai mai. A arewacin Ingila har yanzu akwai masu suya da kitsen shanu, wasu da man girki na shuka. Inda na yi aiki man shuka ne, amma in layi ya yi tsawo, kwandon da aka sauke tsiren alade daga ciki shi ake mayarwa da dankali, a mai ɗaya. Ba mugunta ba ce, sauri ne, kuma ba wanda ya ce musu akwai mai damuwa da hakan.

Saboda haka tambaya uku za ki yi, Anti, kuma ki yi su a fili. Akwai giya a ƙullun kifin? Da wane mai kuke suya? Kuna soya nama a man da kuke soya kifi da dankali? Kada ki tsaya a kan "halal ne?" kawai. Yarinyar da ke ɗaukar oda wataƙila 'yar makaranta ce da ta fara aiki satin da ya wuce, za ta ce miki a'a ko ta ce ba ta sani ba, magana ta ƙare. In kika yi mata tambayoyin nan uku za ta shiga ciki ta tambayo mai girki, ta dawo da amsa.

Maman Ilham:
Nura, Allah ya yi maka albarka. Amma ba za su ga na cika fitina ba? Ga layi a bayana ina ta tambaya.

Nura:
Ko kusa. Sun saba, domin doka ta wajabta musu bayani a kan abubuwa 14 da ke tayar wa mutane da rashin lafiya, irin su gyaɗa, madara, ƙwai, alkama, kifi, riɗi. Kullum ana yi musu tambaya a kan abin da ke cikin abinci. Sai dai ki lura, naman alade da giya ba sa cikin 14 ɗin nan. Kenan ko an miƙo miki takardar bayanin, ba za ki ga su a ciki ba, dole da baki za ki tambaya. Haka alamar abincin marasa cin nama: tana nufin ba nama, ba ta nufin ba giya. Shinkafar Italiya mai ruwa-ruwa ɗin nan kusan kullum sai an zuba mata farar giya. Romon da ake kwararawa a kan nama da dankali ma sau da yawa da giya ake haɗa shi. Miyar koren wake kuma, ki tambaya ko da ƙashin alade aka dafa.

Abu Yasir:
Duk wannan bayanin hujja ce a kan a bar wurin gaba ɗaya. Abincin da sai ka yi tambaya uku, ka dogara da amsar wanda bai san muhimmancin abin ba, ina natsuwa a cikinsa? An ce ka bar abin da ke sa ka kokwanto zuwa wanda ba ya sa ka. Kuma akwai abin da ba a taɓo ba: mafi yawan wuraren cin abinci a garuruwan nan mashaya ce da ta ƙara da girki. Ka shiga da iyalinka, kanta cike da kwalabe, teburin kusa da kai ana ɗaga kofuna, 'ya'yanka suna kallo. Hadisi ya zo cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Ni ban ga abin da iyali za su rasa ba in sun ci nasu a kan ciyawa.

Malam Habibu:
Abu Yasir, Allah ya saka da alheri, hadisin nan haka yake kuma ba mai jayayya da shi. Amma mu rarrabe abubuwa, kada mu haɗa su a ƙulli ɗaya mu ƙuntata wa baiwar Allah.

Na farko, abin ruwa. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta mana farautar ruwa da abincinsa, kuma a mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kai, kifi da jatan lande da ƙaguwa duk halal ne, ba sa buƙatar yanka. Na biyu, abin da aka haɗa da giya ko aka soya a man da alade ya shiga, wannan a bar shi, kuma Nura ya nuna yadda ake ganewa. Tambaya ba kokwanto ba ce, hanyar fita daga kokwanto ce. Mutumin da doka ta ɗora wa faɗin gaskiya a kan abin da ke cikin tukunyarsa, in ya ce maka babu, ba ka da dalilin ƙaryata shi. Na uku, wurin zama. Mashaya wadda asalin sana'arta giya ce, ni ma ba zan kai iyalina ba. Amma garin ba mashaya kaɗai ke cikinsa ba. Akwai gidajen shayi, akwai masu sayar da kifi a ƙunshi ka fita da abinka, akwai gidajen abinci da iyalai ke cika su.

Abu Yasir:
Malam, gidajen abincin ma ai suna sayarwa.

Malam Habibu:
Da yawansu suna sayarwa, gaskiya ne. A nan malamai suka yi magana biyu: wasu suka tsaya a kan teburin da kake zaune, wasu suka faɗaɗa zuwa wurin baki ɗaya in ba larura. Wanda ya ɗauki mai tsauri ya kyauta wa kansa. Abin da ba na so shi ne a mayar da shi sanda a kan matar da ta nemi a kawo mata abinci sau ɗaya. In ana son fita daga saɓanin, ga gidan shayi da rana, ga kifin ƙunshi da yamma. Duka biyun ba ita ta dafa ba.

Abu Yasir:
Gidan shayin da ba ya sayar da giya ba ni da magana a kansa. Sauran kuwa ina nan a kan bakana.

Rifkatu:
Sannunku. Ni maganar yanka ba ta shafe ni ba, amma bari in faɗa wa Maman Ilham abin da zai fi damun Hajiya: abincin ba yaji, ba magi, gishirin ma sai ka ƙara da kanka. Na kai mamata daga Kafanchan, aka kawo mata kifi da dakakken koren wake a gefe, ta ɗanɗana ta ajiye cokali. Sai da na ciro ɗan kwalbar yajin ƙuli daga jaka na barbaɗa mata, sannan ta cinye har tana cewa kifin sabo ne. Ki sa yaji a jakarki, ba wanda zai hana ki. Kuma gidan shayin da Malam ya ambata ya fi dacewa da tsofaffi: shayi a buta, madara daban, burodin nan mai laushi da ake shafa wa kirim da jam, miyar kayan lambu mai zafi, gasasshen dankali da cuku ko kifin gwangwani. Wurin shiru, kujera mai daɗi, ga banɗaki. Sai dai yawancinsu kafin biyar na yamma sun fara tattara kujeru.

Maman Ilham:
Sista Rifkatu, kamar kin san Hajiya. Tun da ta zo ba ta kwana ba tare da tuwo ba. Wannan shi ne ma hujjar Baban Ilham mafi ƙarfi.

Anti Zulai:
To a yi wa Hajiya tuwonta da miyar kuka a ƙaramar kula, wannan haƙƙinta ne, ba mai ja. Tuwon mutum ɗaya daban, girkin mutum shida na tafiya gaba ɗaya daban.

Ɗan Yauri:
Ni abin da ya ba ni mamaki da na je, ba giya ba ne, ba tsada ba. A Yauri na tashi. In ka sauka bakin ruwa, kifin da ke cikin kasko ɗazun nan aka fito da shi daga kwale-kwale, mai suyar ta san wanda ya kamo shi. Da na ga Windermere, ruwa ya haura mil 10 a tsawo, tafki mafi girma a Ingila, jirage birjik a bakin gaɓa, na ɗauka haka abin yake. Na tambayi mai kawo abinci ko kifin na tafkin ne. Ta ce a'a, na teku ne, mota ke kawo shi. Jiragen nan duk na yawon shaƙatawa ne, ba na kamun kifi ba.

Daga baya na bi diddigi. Ashe tafkin yana da kifinsa na gado, ana ce masa char, dangin kifin ruwan sanyi ne da ya rage a nan tun zamanin ƙanƙara, yana zama can ƙasa inda ruwa ya fi sanyi. Shekaru ɗaruruwa da suka wuce ana dafa shi da kayan ƙamshi, a danna a 'yan tukwane, a rufe da man shanu a aika Landan, abincin masu hali ne. Masu kama shi suna da salonsu, doguwar sanda a kowane gefen kwale-kwale, ana tuƙi a hankali ana jan ƙugiyoyi masu ƙyalli. Yanzu ya ragu sosai, saboda ruwan yana ɗumama kuma ƙazantar da ke shiga tafkin tana rage iskar da ke can ƙasa. Da wuya ki gan shi a takardar abinci. Abin ya taɓa ni, don na san yadda gari ke zama in kifinsa ya fara ɓacewa.

In kina son abin ruwa na yankin da gaske, ki nemi ƙananan jatan landen Morecambe Bay, bakin tekun da ke kudu da tafkin. Su ma a cikin man shanu ake danna su, a kawo da gasasshen burodi. Wannan na ci, kuma na ji daɗinsa.

Baban Sadiq:
Ɗan Yauri, ka ƙara min hujja. Kifin da mota ta kawo, ai a Manchester ma mota ke kawo shi, kuma ya fi araha.

Ɗan Yauri:
Yaya, haka ne. Amma a Manchester ba ka cinsa jirgin Tern yana shigowa tasha a gabanka. Jirgin nan tun 1891 yake kan tafkin, har yau yana ɗaukar fasinja. Yarana sun manta abin da suka ci, ba su manta wannan ba.

Nura:
Tunda an zo kan abincin yankin, ga waɗanda za ku yi ta gani a rubuce. Tsiren Cumberland, wanda ake naɗewa kamar gammo, naman alade ne zalla, shi ne abin alfaharinsu, yana cikin karin kumallon kowane masauki. Baƙin abin nan mai zagaye da ake sawa a gefensa kuma da jini ake yin sa. In masaukinku na ba da karin kumallo ku ce na marasa cin nama kuke so, ku roƙa a soya ƙwan a kasko daban, ko a dafa shi. Naman tunkiyar Herdwick, masu farar fuska da toka-tokan jiki da za ku gani a kan duwatsu, shi ma suna ji da shi, amma ba yankanmu ba ne sai in an nuna muku shaida.

Abin zaƙi kuwa akwai wanda Hajiya za ta so: sticky toffee pudding. Kek ne mai laushi da ake yi da dabino, a kwarara masa narkakken sukari da man shanu da zafinsa. Yankin ya shahara da shi. Yawanci ba giya a ciki, amma a tambaya. Wanda za a guje wa shi ne duk abin da aka rubuta rum a sunansa, wata irin giya ce, don suna da man shanu da suke haɗawa da ita, har a kwalba ake sayarwa a shagunan tsaraba.

Hajiya Turai:
Ba wanda ya ambaci gidajen abincin Indiyawa da 'yan Bangaladash. Akwai su a Bowness da garin Windermere na sama. Mu can muka ci, shinkafa da miya mai yaji, kowa ya ƙoshi.

Abu Yasir:
Hajiya, kin tambayi naman?

Hajiya Turai:
Na tambaya, mai wurin Musulmi ne, ya ce kaza da rago halal ne, ya faɗa min garin da ake kawo masa. Na yarda da shi. Giya kuwa suna sayarwa, ban ɓoye maka ba. Mun je da wuri, wajen biyar da rabi, daga mu sai wasu iyali biyu.

Malam Habibu:
Ga mai son ƙarin tabbaci, akwai hukumomin shaidar halal biyu da aka fi sani a ƙasar nan, HMC da HFA. Ta farko ba ta karɓar naman da aka sumar da dabbar kafin yanka, ta biyu tana karɓa da sharuɗɗa. A ƙananan garuruwa irin wannan ba lalle ka ga takardar ko ɗaya a bango ba, sai dai maganar mai wurin. Musulmi in ya ce maka halal ne, asali a karɓa.

Sannan tunda za ku kwana, Maman Ilham, tafiyarku ta kai ta ƙasaru. Malamanmu sun ƙayyade mil 48, daga Manchester zuwa can kuwa wajen mil 80 ne, kuma ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Wannan zai sauƙaƙa wa Hajiya. A ƙarshen Agusta rana kan faɗi wajen takwas, ku tsara cin abincin yamma yadda magariba ba za ta same ku a tsakiyar faranti ba.

Dokta Amina:
Ina so in ƙara abu biyu da suka shafi lafiya, tunda an ambaci salla a bakin ruwa. A lokacin zafi tafkin kan yi wani kore-kore a sama kamar an zuba fenti, musamman a lungunan da ruwa ba ya motsi. Wasu ƙwayoyin halitta ne da kan fitar da guba, suna sa ƙaiƙayi da amai da gudawa. In kun ga haka, ko kun ga allon gargaɗi, kada yara su shiga, kada a wanke hannu ko 'ya'yan itace a ciki, kada a kuskure baki da shi. Ku riƙe ruwan alwala a gora.

Na biyu, kular kanta. Shinkafar da aka dafa da asuba, ta wuni a bayan mota da ɗumi-ɗumi, aka ci da dare ko washegari, tana cikin abubuwan da suka fi kawo mana masu ciwon ciki. Ko dai ta zauna da zafinta sosai a ci da rana, ko a sanyaya ta da wuri a sa ƙanƙara. Yawancin ƙananan masaukai ba su da firji a ɗaki, ba kuma inda za a ɗumama. Don haka girkin gida na ranar farko ne. Rana ta biyu, ko ana so ko ba a so, sai an sayi wani abu.

Malam Habibu:
Dokta ta yi gaskiya. A fiƙihu ruwan da gansakuka ta canja shi bai fita daga tsarki ba, amma abin da zai cutar da jiki an hana shi ta wata ƙofar. A bi maganar likita.

Baban Ilham:
Assalamu alaikum. Ina cikin gidan nan, tun ɗazu nake karantawa. Anti Zulai, na ji saƙonki kuma ya isa inda aka aike shi. Abin da ke raina tun farko Hajiya ce, kada in kawo ta ƙasar mutane in sa ta kwana da yunwa, sai kuma aljihu, don wannan watan mun biya kuɗin sabunta biza. Ga abin da nake gani. Abincin ranar farko ni zan sayo a unguwar Cheetham Hill ta Manchester da daddare, gasasshiyar kaza da burodi, a sa a firji, mu ɗauka da ƙanƙara, ba wanda zai tashi da asuba. Tuwon Hajiya kaɗai za a tuƙa. Rana ta biyu mu zauna a gidan abinci, ita Maman Ilham ta zaɓi wurin.

Anti Zulai:
Allah ya yi maka albarka, ƙanena. Ka kuma riƙe ƙaramin a wajen cin abincin, ta ci da hannu biyu.

Baban Sadiq:
Tunda an yanke, ga abin da zai rage kuɗin. Ku ci da rana maimakon dare, wurare da yawa abincin rana ya fi sauƙi. Ruwan famfo kyauta ne, duk gidan da ke da lasisin sayar da giya doka ta ce ya bayar in an nema, ku ce a kawo a jug. Farantinsu babba ne, yara biyu za su iya raba ɗaya. Kayan ƙwalama da ruwan gora kuma ku saya a kantin Booths da ke jikin tashar jirgin ƙasa ta Windermere kafin ku gangara, don bakin ruwa ya fi tsada. Ku duba takardar kuɗi, wasu kan ƙara kashi 10 ko 12.5 na hidima. In an rubuta na ganin dama ne, kuna iya cewa a cire.

Nura:
Yaya Baban Sadiq, a kan wannan na ƙarshen ina roƙon alfarma. In hidimar ta yi kyau a bar musu. Tun Oktoban 2024 doka ta ce duk kuɗin nan na ma'aikata ne, mai gida ba shi da ikon taɓawa. Na tsaya a kicin ɗin nan, na san su waye a ciki. Yawancinsu ba sa iya kama haya a garin, don gidajen sun koma na 'yan hutu, wasu daga Kendal ko Barrow suke zuwa a bas kullum, wasu a ɗakunan ma'aikata suke kwana. Wadda ta shiga kicin sau biyu ta tambayo miki man suya, ranar da ko zama ba ta yi ba, ta cancanci fam ɗin nan.

Rifkatu:
Kuma in kun sayi na ƙunshi kuka zauna a bakin tasha, ku kula da tsuntsaye. Manyan fararen agwagin nan masu dogon wuya da dinyoyi sun saba da mutane, har hannun yaro suke kai baki. Na teku kuma daga sama suke surowa. Ku matsa can Cockshott Point ɗin da aka faɗa, ya fi natsuwa.

Maman Ilham:
Jama'a na gode ƙwarai. Na bi shawarar Nura na buga waya wurare biyu yanzun nan. Na farko suka ce ƙullunsu da giya ne, amma za su iya gasa kifin ba ƙullu, sai dai dankalinsu mai ɗaya ne da nama. Na biyu matar ta ce in dakata, ta je ta tambayo, ta dawo ta ce ƙullun da ruwan soda suke yi, man shuka ne, kuma kaskon kifi da dankali daban yake da na nama. Ta ce suna da tebur a waje ta gefen ruwa, amma ba sa ajiye na waje, wanda ya riga zuwa shi ke samu. Na kama na ciki na ƙarfe goma sha biyu da rabi.

Abu Yasir:
In kun samu na wajen ku zauna a can, ya fi. Allah ya kai ku lafiya.

Nura:
Anti, ku isa sha biyu daidai, kafin jirgin da ke tasowa daga garin Ambleside na arewacin tafkin ya sauke mutane, don da sun sauka teburan waje sun cika. In kun je ki sake maimaita tambayar ga wanda ya ɗauki odar, mai girkin ranar hutu ba lalle shi ne na yau ba. Kuma in za ku hau jirgi bayan cin abinci, zuwa Ambleside wajen rabin awa ne, ku duba lokacin na ƙarshe mai dawowa tun kafin ku sauka a can.

Maman Ilham:
In sha Allah. Saura wurin ajiye mota, Hajiya ba ta iya doguwar tafiya, ƙafarta na damunta.

Baban Sadiq:
Ku sauke ta da ke da yara a bakin tashar jiragen, akwai kujeru a wurin. Shi ya wuce Glebe Road, in ya cika ya ƙarasa Braithwaite Fold, ya dawo da ƙafa. Ranar hutu kafin goma na safe na kusa ya cika, ku fito Manchester da wuri.